Daga Tubali Zuwa Ƙashi: Laccar da Aka Gabatar a Nkomkana, Yawunde

Samarin da suka ajiye babura a bakin ƙofa suka shigo, in an bi ta gaskiya, su ne maganar yau ta fi shafa.

Da yawa daga cikinmu sun taso a Biriketeri, sun yi wasa a lungunanta, sun ci suyarta da ta yi suna a Kamaru duka, ba tare da sun taɓa tsayawa sun tambayi ma'anar sunan ba, alhali kuwa kalmar a Faransanci ba ta nufin kome sai wurin da ake gasa tubali, domin tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yawunde wajen shekarar 1889, akwai matoyar tubali a wannan ƙasa da 'yan ƙabilar Ewondo suke kira Ekoudou, kana daga baya kakanninmu fatake da mahauta da maɗinka suka zauna a kanta, sunan matoyar ya bi unguwar har yau. Na fara da wannan ne saboda abin da aka nemi in yi bayani a kansa, watau wani irin tangaran da likitoci ke cike ramin ƙashi da shi, wanda kuma yake yaƙi da ƙwayoyin cuta, ɗan'uwan tubali ne na jini. Dukansu ma'adinai ne da aka kwaɓa, aka siffanta, aka sa a wuta har suka canza ɗabi'a, ta yadda ruwa ba zai sake mai da su laka ba. Bambancinsu yana ga tsarkin kayan da aka haɗa da kuma haddin zafin da aka ba su, kuma a cikin wannan bambancin ne ilmin duka yake.

Bari in ba ku labarin wani saurayi, ɗan acaba, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Mota ta kaɗe shi, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har bakinsa ya ɓullo ta fata ya taɓa ƙasa. 'Yan'uwansa, saboda tsoron kuɗin asibiti da tsoron a yanke ƙafar, suka kai shi wurin maɗori, aka ja, aka daidaita, aka jera karare aka ɗaure. Bayan wata biyu ya fara takawa da sanda, kowa ya yi hamdala. Da na gan shi shekara biyu sun wuce. Ya nannaɗe ƙafar wandonsa a hankali, ya kwance wani tsumma da ya rine, sai ga wata 'yar ƙofa a fatar, ba ta fi ƙwayar wake ba, bakinta ya yi baƙi, tana tsiyayar da mugunya. Ya ce takan rufe ta yi wata uku, sa'an nan zazzaɓi ya zo, wurin ya kumbura, ta sake fashewa. Kana ya zaro akwatin ashana daga aljihu ya buɗe mini, a ciki akwai wani ɗan ɓallin ƙashi da ya fito da kansa ta wannan ƙofa, fari fat, gefensa duk huda-huda kamar itacen da gara ta ci. Ya ce mini, "Malam, na sha kafso har ban san adadi ba."

Dalilin da ya sa kafson bai yi masa amfani ba shi ne asalin mas'alarmu. Ƙashi, ko da yake muna ganinsa kamar dutse, abu ne mai rai, jini na gudana a cikinsa, kuma yana da ma'aikata iri biyu da ba sa hutu, marusa masu cinye tsohon gini da magina masu aza sabo, har masana suka ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasusuwan baligi yakan sabunta a kowace shekara. Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, dangin dutsen nan da ake haƙowa a Togo da ƙasar Tawa don yin takin zamani, saura kuwa zare ne mai laushi da ruwa. To, idan karaya ta raba wani yanki da jijiyoyin da ke shayar da shi, sai yankin ya mutu a cikin rayayyen jiki, kuma tunda magani, ko na sha ko na allura, jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ake bukata, wurin da jini ba ya zuwa magani ba ya zuwa. Ƙwayoyin cuta sai su tare a kan mataccen ƙashin, su lulluɓe kansu da wani yauƙi, irin gansakukar da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba, wadda ko an zuba sabon ruwa sau goma tana nan sai an sa hannu an kankare. Shugabar waɗannan ƙwayoyin a mafi yawan lokuta ita ce Staphylococcus aureus, wadda likitan Sikotilan Alexander Ogston ya gano a cikin mugunya a 1880, amma ga 'ya'yanmu masu sikila, wata da ake kira Salmonella takan shiga gaba.

A 1957 wasu masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, suka yi wata jarrabawa a fatar mutanen da suka ba da kansu, suka tarar cewa ɗan guntun zaren ɗinki guda, in yana cikin rauni, yana rage adadin ƙwayoyin da ake bukata kafin maruru ya tashi har sau dubu goma. Ma'anar wannan ita ce duk baƙon abu marar rai da aka sa a jiki, ƙarfe ne ko roba, masauki ne aka gina wa cuta, sai fa in ƙwayoyin halittar jiki sun riga ta kama wurin. Wani likitan ƙashi na Amurka, Anthony Gristina, ya siffanta al'amarin a 1987 da tsere: wanda ya fara isa farfajiyar, shi ke mallakarta.

Kada wani ya zaci magabatanmu ba su san wannan ciwo ba. Abul Ƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013 Miladiyya, ya keɓe juzu'i na ƙarshe na littafinsa Attasrif ga aikin tiyata da ɗori, kuma a ciki ya ba da labarin wani mutum da ƙwaurinsa ya ruɓe, yadda ya yi ta buɗe ƙafar yana kankara yana yanka da zarto, ciwon na komowa, har sai da ya fitar da ruɓaɓɓen yankin gaba ɗaya kafin mutumin ya warke. Hukuncin da ya cimma shekara dubu da suka wuce shi ne hukuncin likitocin yau, watau mataccen ƙashi sai an fitar da shi. Amma in an fitar, sai a bar rami, ramin kuma ya cika da gudan jini, wanda babu abincin da ƙwayar cuta ta fi so kamarsa. Saboda haka tambayar da ta dami masu wannan sana'a ita ce da me za a cike ramin.

Amsa mafi kyau har gobe ita ce ƙashin mutum na kansa, wanda ake ɗebowa daga ƙugu, sai dai ɗan kaɗan ne ake iya samu, kuma an yi wa majinyaci rauni na biyu ke nan. A 1892 wani likita a birnin Bon na Jamus, Dreesmann, ya cike ramukan ƙashi da filasta, wannan farar hoda da ake kwaɓawa a ɗaure karaya a asibiti, wadda asalinta dutsen jibsin ne da aka gasa, sai aka ga jiki yana shanye ta, ƙashi na maye gurbinta. Wajen 1970 likitocin Jamus suka fara gauraya maganin kashe ƙwayoyin cuta da wani ƙullun roba mai daskarewa, daga baya suka riƙa jera shi a waya kamar carbi suna binnewa a cikin ramin. Dabarar ta yi aiki, kuma har yanzu ana yin ta, illarta ɗaya ce, roba ba ta narkewa, dole a sake buɗe mutum a ciro carbin, in kuwa an bar shi bayan maganin ya ƙare, shi kansa ya zama masaukin da muka ambata.

A nan zan ɗan daɗe, domin labarin da ke tafe shi ne ya sauya fannin. A 1967 wani malamin Jami'ar Fulorida mai suna Larry Hench, wanda aikinsa nazarin gilashi ne, ya zauna kusa da wani kanar na sojan Amurka a cikin motar safa, a kan hanyarsu ta zuwa wani taro. Kanar ɗin bai daɗe da dawowa daga yaƙin Biyetnam ba, inda ya ga ana yanke hannuwa da ƙafafun samari saboda jiki yana ƙin ƙarfe da robar da ake sa musu. Da ya ji Hench yana bayanin gilashin da ke jure wa tururin nukiliya, sai ya tambaye shi ko zai iya ƙera abin da zai jure wa jikin ɗan Adam. Hench ya yi tunani cewa tunda ƙashi kalsiyam ne da fosfet, abin da ke ɗauke da su jiki ba zai ɗauke shi baƙo ba. A 1969 ya narka wani gilashi mai kashi 45 cikin ɗari na sinadarin yashi, da 24.5 na sinadarin soda, da 24.5 na farar ƙasa, da 6 na fosfet, aka dasa guntayensa a cinyar ɓeraye, bayan mako shida likitan da ya dasa ya nemi ya zare su suka ƙi fita, sun haɗe da ƙashin sun zama abu guda.  Sirrin shi ne gilashin ba ya zama yadda aka sa shi: ruwan jiki yana lasar bayansa a hankali, har wani ɓawo irin ma'adinin ƙashi ya tsiro a kai, maginan nan su zo su tarar da harsashin da suka sani, su aza gini.

Daga baya, a jami'o'in birnin Turku na ƙasar Finlan, aka gyara awon, aka kai sinadarin yashi kashi 53, aka sami gilashin da ake kira S53P4, ana sayar da shi da sunan BonAlive, tsaki-tsaki kamar ɗanyen gishiri. Da shi ne aka tabbatar da fa'ida ta biyu, wadda matan da ke saurarena za su riga maza ganewa. Kun san abin da kanwa ke yi wa ruwa, kun kuma san dalilin da ya sa naman da aka barbaɗe da gishiri aka shanya ba ya ruɓa. Gilashin nan, yayin da yake narkewa, yana mai da ruwan da ke kewaye da shi mai kanwa-kanwa, yana kuma cika shi da gishirin ma'adinai masu tsotse ruwan jikin ƙwayar cuta, sai wurin ya gagare ta zama, ba tare da an sa maganin antibayotik ko ɗigo ba. Muhimmancin wannan a zamanin da ƙwayoyin cuta suka fara gagarar magunguna, saboda yadda muke sayen kafso a tire muna sha biyu mu bar saura, ba sai na tsawaita ba.

Gilashin nan shi ne hanya ta farko ta yaƙi da cutar, hanya ta biyu kuwa ita ce a mai da tangaran ɗin jakar magani. A ƙasar Suwidin ana yin wani ƙullu mai suna Cerament G, kashi 60 filasta, kashi 40 ma'adinin ƙashi, an gauraya shi da maganin jentamaisin. Likita yana matsa shi cikin ramin da sirinji, ya daskare cikin mintoci, ya riƙa sakin magani a wurin da yawan da, in ta jini za a ba da shi, sai ƙoda ta lalace. Likitocin sashen ciwon ƙashi na Okisfod a Ingila sun buga sakamakon majinyata 100 a 2016, inda cutar ta mutu a jikin 96 da aiki guda. Hanya ta uku, wadda mafi yawanta tana ɗakunan bincike tukuna, ita ce a cusa ɗan ƙarfe kaɗan a cikin tangaran, azurfa ko jan ƙarfe ko tutiya. Tun 1881 likita Credé na Laifzig yake ɗiga ruwan azurfa a idon jarirai don kare su daga makanta, saboda haka ƙarfin azurfa a kan ƙwayar cuta sananne ne. Wahalar tana ga awo, domin abin da ya wuce kima yana kashe maginan ƙashi tare da abokan gaba.

Malamanmu za su tuna ƙissar Sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya ƙera na azurfa ya yi masa ɗoyi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinariya. Fuƙaha'u sun ciro halaccin zinariya ga namiji saboda larura daga nan. Ni kuwa, da idon mai nazarin ma'adinai, abin da nake gani shi ne azurfa tana mu'amala da ruwan jiki, zinariya ba ta yi, kuma duk tarihin fanninmu kai da komowa ne tsakanin waɗannan ɗabi'u biyu, abin da ke zaune shiru jiki ya ƙyale shi, da abin da ke narkewa jiki ya amsa masa. Wannan fahimtata ce, ba fatawa ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, domin na san halinmu, gobe za a ji ana cewa Turawa sun ƙago garin da ke warkar da ruɓaɓɓen ƙashi. Mutum 96 ɗin nan na Okisfod ba ƙullun ne kaɗai ya warkar da su ba. Kafin a matsa shi sai da aka yanke duk mataccen ƙashi har aka iske mai zubar da jini, aka ɗebi samfuri aka kai ɗakin awo don a san wace ƙwaya ce da maganin da take ji, aka rufe wurin da lafiyayyar tsoka da fata, aka kuma bi da magani na makonni. Tangaran yana cike ramin da aka riga aka tsabtace ne. In an zuba shi a kan ruɓa, an yi asarar kuɗi an kuma ƙara wa cuta ɗaki. Haka nan yana da gautsi kamar kowane tangaran, ba ya ɗaukar nauyin mutum, saboda haka ƙarfen da ake riƙe ƙashi da shi bai tafi hutu ba. Filasta takan narke da sauri har rauni ya riƙa tsiyayar da farin ruwa, gilashi kuwa yakan yi shekaru bai gushe ba. Kuma duk kayan nan daga Turai ake shigo da su, da tsadar da ta fi ƙarfin mafi yawan masu zama a wannan zaure.

Ba na cikin masu zagin maɗora. Sana'a ce ta gado, sun tsayar da ƙafafu da yawa a garuruwan da babu likita, kuma karayar da fata ba ta fashe ba, in ba ta goce ƙwarai ba, sau da yawa takan haɗe a hannunsu. Amma karayar da ƙashi ya ga rana wani babi ne dabam, domin ƙasar titi ta riga ta shiga, tseren nan ya fara tun a wurin haɗarin, kuma sa'o'in farko su ne ke yanke hukunci. Abin da ake bukata a ranar shi ne a rufe raunin da tsumma mai tsabta, kada a tura ƙashin ciki, kada a shafa kome, a garzaya Asibitin Tsakiya na Yawunde ko cibiyar gaggawa da ke maƙwabtaka da shi, wadda aka buɗe a 2015, a wanke da ruwa mai yawa, a yi allurar antibayotik da ta tetanus. Maɗorin da ya duba irin wannan rauni ya ce ba nasa ba ne, a wurina ya fi wanda ya karɓa sanin sana'arsa. Kuma don Allah kada wani ya ji na ambaci ƙasa da gilashi ya je ya daka kwalba ko ya kwaɓa yumɓu ya cusa a gyambo. Ƙasa gidan tetanus ce, kuma jar ƙasarmu cike take da sinadarin alminiyam, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa, in ya shiga gilashin Hench, yana hana shi kama ƙashi sam.

Saura magana ɗaya ga ɗalibai. Duk wanda ya taɓa zuwa mayankar Etoudi ya ga tulin ƙashin shanu. A Suwizalan akwai kamfanin da ke ɗaukar irin wannan ƙashi, ya fitar da kitse da duk wani abu mai rai da sinadarai da zafi, ya bar farin ma'adinin da ƙofofinsa na asali, ya sayar wa likitocin haƙori na duniya da sunan Bio-Oss a 'yan ƙananan kwalabe. Ƙofofin nan su ne dukiyar, domin jijiyar jini ba ta shiga tangaran sai ramukansa sun kai kaurin gashin kai ko sun fi, kuma suna buɗe wa juna. Ɓawon ƙwai ma, wanda fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa sinadarin alli ne, ana sarrafa shi ya zama ma'adinin ƙashi. A nan garin muna da sashen kimiyyar sinadarai a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, muna da hukumar MIPROMALO a Nkolbikok, wadda aka kafa a 1990 don bunƙasa kayan gini na gida, da matoyanta da masana yumɓunta, muna da cibiyar Pasteur mai awon ƙwayoyin cuta. Ba na cewa abu ne mai sauƙi. Gasa hodar ba wuya. Wuyar tana ga tabbatar da cewa kwalba ta dubu daidai take da ta farko, babu dafin ƙarfe, babu cutar dabba, a gwada a kwano, a gwada a dabba, hukuma ta yarda, kuma wannan aikin shekaru ne da kuɗi. Akwai kuma abin da za mu roƙi malamai su zauna a kansa tun yanzu, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya ƙashin mushe najasa ne, na yankakkiyar dabba kuwa mai tsarki ne: mene ne hukuncin ƙashin da wuta ta cinye kome nasa sai ma'adini, aka kawo shi daga ƙasar da ba mu san yankanta ba? Wanda aka haɗa daga dutse da yashi bai shiga wannan tambaya ba, haka ma wanda aka yi da shanun da mahautanmu suka yanka da hannunsu.

Saurayin nan kuwa, daga ƙarshe an yi masa aiki. An fitar da mataccen yanki mai tsawon ɗan yatsa, aka binne masa carbin roba mai magani saboda shi ne abin da ke akwai, bayan makonni aka sake buɗewa aka ciro, aka cike ramin da ƙashin ƙugunsa. Aiki biyu, kwanciya biyu, babur ɗin ma sai da aka sayar. Ƙofar ta rufe, yana tafiya da ɗan ɗingishi, kuma akwatin ashanar yana wurina, ga shi nan a kan tebur, wanda yake so ya duba sai ya matso bayan an idar da sallar Magariba, sa'an nan mu shiga tambayoyi.